Issoufou Mai Lema a Cikin Mutanen Duhu

Issoufou mutumin Tasawa ne, amma a Maraɗi ya yi wayo, a gidan yayansa Oumarou, malamin lakwal, wato makarantar boko. Tun yana saurayi babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar sinima. Akwai wani gidan kallo marar rufi a bayan kasuwa, bango ne kawai aka shafe da farar ƙasa aka jera bencina. Nan ya fara da shara, daga baya ya zama shi ke tsayawa gefe yana faɗa wa jama'a abin da ake cewa a fim, don ya taɓa Faransanci, kuma Allah ya ba shi baki. In labari ya yi giɓi, sai ya cike da nasa, 'yan kallo su tashi sun gamsu. Ya auri Aïchatou, aka haifa musu 'ya, Ikram. Sai bidiyo ya shigo gari, gidan kallon ya mutu. A shekarar 1988 ya bar matar da jaririyar a hannun Oumarou, ya bi sahun 'yan kasuwar Maraɗi zuwa New York.

A Highbridge, wata unguwa a Bronx, ya sauka. Ya samu ɗaki a gidan Sumani, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai tuƙa tasi, wanda yake wuni a layin direbobi a filin jirgin sama na JFK yana jiran fasinja. Matar Sumani, Adjara, ita ke ciyar da gidan. Issoufou kuwa ya kama sayar da lema a bakin tashar jirgin ƙasa a Manhattan, in rana ta fito ya juya zuwa tabarau. Ba a daɗe ba aka san shi da Issoufou Mai Lema.

Wata rana da la'asar sanyi ya kore shi daga bakin titi, ya faɗa wani tsohon gidan sinima don kawai ya ɗumama jikinsa. Bai ma duba abin da ake nunawa ba. Fim ɗin tsoro ne, labarin wani birni a zamani mai zuwa, inda wutar lantarki ta yi ƙaranci, hukuma ta raba garin biyu. A Tudu fitilu ba sa mutuwa. A Kwari kuwa da rana ta faɗi ake yanke wuta, kuma a cikin duhun akwai wani abu mai cin mutane. Ba a nuna shi ko sau ɗaya, sai dai a ji jan ƙafarsa a kan matakala, da safe a tarar da gado wayam. Wata ungozoma 'yar Kwari ce ta gano gaskiya: wutar da ke ƙasar ta ishi kowa, an bar Kwari cikin duhu ne da gangan, don abin ya ƙoshi a can kada ya hau Tudu.

Issoufou ya fito, ya sayi wani tikiti. Ya koma ya sake kallo, ya kuma sakewa. Sunan fim ɗin na Turanci bai zauna a bakinsa ba, sai ya raɗa masa An Yanke Kuran, yadda ake cewa a Nijar in wuta ta tafi. Da ƙyar ya ja Sumani ya gani, suka dawo suna musu har gaban kwanon wake da shinkafar Adjara.

Sumani ya ce, "Isufu, labarin nan ba shi da kai. Abin ba ya fita da rana, ko? To me ya hana su ɗaure kayansu da rana su bar garin? Ko su hura wutar itace su kwana a bakinta?"

Issoufou ya ajiye cokali. "Yaya Sumani, ba ka duba da kyau ba. Ka ga ɗaki guda mai ƙyaure cikin Kwari? Babu. Sun ƙone ƙyamarensu tun shekarar hwarko. Kuma da rana ina suke? Suna Tudu, suna wanke-wanke da goge-goge, sai rana ta kusa hwaɗuwa a sallame su. Yaushe za su ɗaure kaya? Su tahi ina?"

"Ko ina ya fi a cinye ka."

"To kai, wanga gini namu tun yaushe hitar ɗumama ɗaki ta mutu? Ɓeraye nawa Yaya Adjara ta kashe? Mi ya hana ka tashi?"

Adjara ta kwashe da dariya, ta ce Issoufou ya kama shi. Sumani ya ci gaba da cin abincinsa.

Daga nan fim ɗin ya zama abin hirar Issoufou. Ya yi imani wanda ya rubuta shi ya san talaka, kuma yana tare da shi. A cikin wannan gari mai sanyi, inda mutane ke karɓar lema a hannunsa ba su dubi fuskarsa ba, ya ji akwai wani da ya gan shi.

Kashi na biyu ya fito a 1991, daidai lokacin da ake Babban Taron Ƙasa a Yamai. Oumarou kan yi magana a waya har muryarsa ta shaƙe don murna, yana cewa mulkin soja ya ƙare, yanzu talaka zai yi magana. A fim ɗin ma mutanen Kwari sun tashi, sun ƙwace tashar wuta, suka naɗa jagoransu shugaba. Amma kafin a kai rabin fim sabon shugaban ya gane abin nan dole ya ci, sai ya sa aka yanke wutar unguwar bakin kogi. Issoufou ya fito yana huci. Ya ce ƙarya ne, wanda ya kwana cikin duhu ba zai jefa wani ciki ba. Sumani, wanda ya ga juyin mulki iri-iri a Gana, ya ce a hankali, "Wannan karon dai labarin ya yi kai." Sun yi kwanaki ba sa hirar kirki.

Shekara ta zagayo Aïchatou ta iso da Ikram, suka kama nasu gida a hawa na sama. Yarinyar baki gare ta kamar ubanta, Hausar Maraɗi zalla. Issoufou kan riƙe hannunta su hau doguwar matakalar unguwa, yana ba ta labarin ungozoma, ya cire wuraren tsoro, ya ƙara nasa. Wannan shi ne lokacin da ya fi jin daɗi a New York.

A bazarar 1993 ya fito da safe ya tarar da manyan motoci sun cika layin da ke gangare, wurin tsofaffin gine-ginen da gobara ta cinye. Ya tambaya, aka ce kashi na uku na fim ɗin ake ɗauka. Wata baturiya mai rediyon hannu tana zagawa tana neman baƙaƙen maza dogaye marasa jiki. Ta dubi Issoufou sama da ƙasa ta ce ya biyo ta. Ya ajiye jakar lemominsa a shagon wani ɗan Damagaram, ya bi ta.

Ya tambaye ta da Turancinsa na bakin titi, su wane ne su a labarin. Ta ce baƙi ne da suka zo ta jirgin ruwa suka zauna a Kwari. Sai ya ji daɗi ya rufe shi. Ashe har an sa su a labarin, su da suka zo daga nesa. Aka shafa musu wani abu toka-toka a fuska da hannuwa, aka sa musu tsummoki. Da aka kawo haƙoran roba ya ɗan yi turus, amma ya ce a ransa ai yunwa da duhu sukan sauya kamannin mutum.

Aka tara su a bakin wata ƙofar ƙarfe, aka ce ita ce ƙofar Tudu. Mai ba da umarni ya zo yana duba su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Issoufou. Ya ce ya kama ƙarfen ya jijjiga, ya faɗi wani abu da yarensa, ko mene ne, amma da ƙarfi. Issoufou bai ɗauki abin da wasa ba. Ya tuna ungozoma, ya tuna daren da hita ta mutu Ikram ta kwana tana tari. Ya kama ƙarfen ya ɗaga murya:

"Ku buɗe! Mu ma mutane ne! Ku kunna muna wuta, ɗiyanmu na ciki!"

Mai ba da umarnin ya tafa, ya sa aka matso da na'urar ɗaukar hoto dab da fuskar Issoufou, aka sake ɗauka. Da Issoufou ya koma gida, ko fuskarsa bai gama wankewa ba ya kira Maraɗi. Ya ce wa Oumarou, "Yaya, na yi magana da Hausa cikin sinimar Amirka. Na hwaɗa musu."

Da fim ɗin ya fito a shekarar da ta biyo baya, ya ɗinka sabuwar shadda. Suka bar Ikram wurin maƙwabta, shi da Aïchatou da Sumani da Adjara suka tafi kallon rana. Tun farkon fim aka kashe ungozoma. Jarumin yanzu wani soja ne mai gadin ƙofar Tudu. Sannan a karon farko aka nuna abin da ke cikin duhu. Baƙin nan ne da suka zo a cikin jirgin ruwa. Su ne ke jan ƙafa a kan matakala, su ne ke cin mutane.

Sai ga fuskar Issoufou ta cika bango, toka-toka, haƙora waje. An kaurara muryar, an ja ta, amma duk mai jin Hausa zai ji kalmomin sarai. A ƙasa aka rubuta fassara da Turanci. 'Yan kallo suka yi kururuwa.

Aïchatou ta taɓa Sumani, don shi ya fi su karatun Turanci. "Baba Sumani, mi suka rubuta?"

Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Sun rubuta wai ya ce, ku buɗe, mun jiwo ƙanshin 'ya'yanku."

A fim ɗin sojan ya ɗaga bindiga ya harbi Issoufou a goshi, gidan ya ɗauki tafi.

A waje rana na nan tar, motoci na wucewa. Issoufou ya tsaya a bakin titi cikin sabuwar shaddarsa, ya fara magana da sauri. "Ai ba ya yiwuwa. Cikin na hwarko abin yana nan tun kakan ungozoma na yaro, jirgin ruwa kuwa bana ya zo. To wa ke cin mutane kahin nan? Kuma in mu ne, don mi hukuma ta ɓoye wutar? Sun mance da nasu labari. Wani ya yi kuskure, za su gyara."

Sumani ya dafa kafaɗarsa. "Isufu, ba mantuwa ba ce. Mu je gida."

Washegari ya je inda ofishin masu fim ɗin yake, ya tarar da ɗakuna wayam, an kwashe komai. Ya samu wata lambar waya, ya yi ta kira. Da aka ɗauka, wata murya mai fara'a ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce masa ai fim ne kawai, kuma ya yi ƙoƙari ƙwarai, kowa na yabon wurin nasa.

Gaskiya ta faɗa. Kashi na uku ya fi na baya duka kasuwa, kuma fuskar Issoufou aka zaɓa aka manna a bangon tashoshin jirgi, daga baya a jikin kwalin kaset. Yana tsaye da lemominsa, fuskar na bayansa a bango, ta fi shi tsawo. Samari kan tsaya su dube shi su dubi bangon, su fashe da dariya, su ce ya yi musu muryar. A masallacin unguwa wasu suka daina ba shi hannu da sakin fuska. Wani dattijo ya ce masa a bakin takalma, "Malam Issoufou, harshen da iyayenmu suka yi mana addu'a da shi ka kai aka mai da kukan dodo?" Issoufou ya sa takalminsa ya fita.

Abin da ya fi ci masa rai a makarantar Ikram ya faru. Yayyen 'yan ajinsu sun ga kaset, labari ya bazu cewa ubanta ne. Yara suka haddace kalmomin ba tare da sun san ma'anarsu ba. In ta shigo filin makaranta sai su kama wayar shinge su jijjiga, su kaurara murya suna "ku buɗe, ku buɗe," su watse da gudu wai za ta cinye su. Ba ta faɗa wa kowa ba. Sai dai aka ga ta rage magana. Wata rana uban ya je ɗaukarta, ya kira ta daga nesa, "Ikram, taho mu tahi gida." Yara suka ji, suka ɗauki ihu. Ta zo ta wuce shi kamar ba ta san shi ba. A kan matakalar unguwa ta juyo, idonta jawur, ta gaya masa da Turanci kada ya ƙara yi mata wannan yaren a waje. Tun daga ranar, ko a cikin gida, in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa.

Kaset ɗin ya kai har Maraɗi. A gidajen bidiyo samari kan mai da wurin baya su sake kallo suna shewa, ga dodon Amirka na Hausar Tasawa. Oumarou bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Lokacin shi ma ya gaji. Gwamnatin da suka yi wa murna ta shiga rikici da kanta, malamai suna wata da watanni babu albashi, a farkon 1996 kuma sojoji suka dawo. Da Issoufou ya so ya tayar da zancen siyasa a waya, sai yayan ya ce, "Bar wanga zance, ƙanena. Kaji nike kiwo yanzu." Suka koma gaisuwa da tambayar ruwan sama.

A wannan shekarar Aïchatou ta ce za ta koma Stapleton, wata unguwa a hayin ruwa, wurin wata innarta mai shagon kitso, a sa Ikram a makarantar da ba a san su ba. Ba faɗa suka yi ba, ba kuma saki. Ta ce, "Baban Ikram, ban ce ka yi laihi ba. Amma ɗiyar ga na ƙarewa a gabanmu." Shi ya ɗaukar musu akwatuna har bakin jirgin ruwa. Bai bi su ba, don ya san fuskarsa za ta bi shi can. Ya koma tsohon ɗakinsa na gidan Sumani. Ya tara gemu, ya riƙa jan hula har gira, ya sauya tashar da yake tsayawa. Bai ƙara shiga gidan sinima ba. An yi kashi na huɗu, bai tambayi abin da ke ciki ba.

Wani hunturu da kasuwa ta tsaya cik, wani saurayi ya gane shi duk da gemun. Ya ce akwai taron masoya finafinan tsoro a wani otal a New Jersey, za a biya shi in ya zo ya zauna wuni ɗaya. Issoufou ya ƙi. Bayan mako ya nemi saurayin da kansa, don Ikram na bukatar rigar sanyi. Aka zaunar da shi a bayan tebur, hotonsa a gabansa. Layi ya yi tsawo. Mutane ne masu kirki, suna murna da ganinsa, wasu sun shafa toka a fuska irin tasa. Kowa ya zo sai ya faɗi kalmomin da karyayyen harshe, ya roƙe shi ya maimaita. Ya yi ta maimaitawa har maƙogwaronsa ya bushe.

Wajen la'asar wata budurwa mai tabarau ta tambaye shi ko yaren gaske ne, ko ƙirƙira aka yi don fim. Ya ɗago ya dube ta. A hankali, da Turancin da yake da shi, ya gaya mata yaren mutane ne masu ɗimbin yawa, ya kuma faɗa mata ainihin abin da ya ce a bakin ƙofar. Fuskarta ta sauya, har ya ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ce abin tausayi ne ƙwarai, amma da an rubuta haka da fim ɗin bai ba da tsoro ba. Ta miƙo hoton ya sa mata hannu. Na bayanta ya matso.

A 1999 Ikram ta gama ajinta da sakamako mafi kyau, aka ce za ta yi jawabi a gaban iyaye. Aïchatou ta kira shi ta gaya masa ranar. Ya aske gemu, ya yi wanka, ya hau jirgin ruwa da safe da ƙunshin alewa a hannu. A ƙofar makarantar ya tarar da su. Yarinyar ta yi tsawo, ta kusa kafaɗarsa. Ta gaishe shi da ladabi. Sannan ta dubi iyayen da ke shiga, ta dubi fuskarsa da ya aske tas, ta sunkuyar da kai ta yi wa uwarta raɗa.

Aïchatou ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce, "Wai ko za ka jira mu nan waje. Ba za a daɗe ba."

Ya ce, "To, ba komi. Ku shiga kada ku makara."

Ya tsallaka titi ya zauna a bencin tashar bas. Daga can yana jin tafi na tashi yana kwantawa, bai san wanne ne nata ba. Da aka fito suka ci abinci tare a gidan innar, ya ba ta alewar, ta yi godiya. Kafin magariba ya kama hanyar Bronx, don rediyo ta ce gobe akwai ruwa, kuma sai ya biya ta wurin dillali ya ɗauki kaya.